Labarin Zuciya, Ba Fuska Za a Tambaya Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis ya san mu ba mutanen da ake yi wa rufa-ido ba ne. In mutuminmu zai sayi bijimi, sai ya buɗe masa baki ya duba haƙora, ya matsa tozo, ya ɗaga wutsiya, ya leƙa ido, ya sa yaro ya kora shi don ya ga takunsa, ya koma gefe ya tsuguna ya hango shi ta ƙasa, sannan ya ja dillali bayan rumfa a fara ƙus-ƙus. Raƙumi kuwa sai an gurfanar da shi an tayar, an sake gurfanarwa an tayar. Mai sayen riɗi hannu yake zurawa can cikin buhu don kada a yi masa algus da yashi, mai sayen zoɓo ya damƙa ya sansana ya ɗaga wa rana. To, tsayar da wannan bawan Allah mai shekara hamsin da ɗoriya, bayan ya gama tantance dabbar wani, ka ce, "Alhaji, yaushe rabonka da awon jini?" Sai ya ja da baya ya dube ka sama da ƙasa. "Ni? Lafiyata ƙalau. Wani ne ya ce maka na rame?"

Haka muke, daga Gumel har Gagarawa, daga Sule Tankarkar har bakin iyaka, kuma kada wani ya ce ban da shi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin mamakin shi ne babu abin da muke ambato a jikin ɗan Adam kamar zuciya. Wane mai farar zuciya ne, wance zuciyarta a kusa take, yaro ya yi zuciya ya ƙi tuwon dare, saurayi zuciya ta ɗebe shi ya yi aika-aika, malalaci a ce zuciyarsa ta mutu, budurwa ta aika wa saurayi cewa zai sa mata ciwon zuciya don ya kwana biyu bai zo zance ba. In uwa ta gaji da ƙiriniyar yara ta ce, "So kuke ku sa mini hawan jini." In mutum ya yi asarar garke ya yanke jiki ya faɗi, mu ce ya haɗiyi zuciya. Duk wannan mun iya. Amma tsokar nan da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, mai ɗaki huɗu da ƙofa huɗu, wadda take bugawa kusan sau 100,000 kowace rana tun muna cikin ciki har ranar da za a kai mu makwanci, tana tura jini wajen lita 5 a minti guda, ba hutun Juma'a ba hutun Sallah, ita kam a wajen mahauci kaɗai muke ganinta, a tire, kusa da hanta da ƙoda, mu ce a yanka mana ta dubu a barbaɗa yaji.

Magabata sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, sun kuma ce jiki magayi, kuma duka biyun gaskiya ne a inda aka yi su. Hawan jini ne kawai bai san da zamansu ba. Wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban-ruwa da tiyonsa: in tiyo ya tsuke ko ya yi tauri, sai injin ya dinga gurnani yana tura ruwan da ƙyar, kuma ba ranar zai mutu ba, sai ya jima yana wahala. Haka zuciya take da jijiyoyin jini. Ta yi ta turawa da ƙarfi shekara da shekaru, naman jikinta ya yi kauri, daga baya ta saki ta gaji, ƙoda ta taɓu, ido ya dusashe, wata rana kuma wata 'yar jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. A duk tsawon shekarun nan mutum yana cin tuwonsa malmala biyu, fuska shar, ana ce masa ya yi kyau. Abin awo ne kaɗai yake tona asirin. Lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya yana wajen 120 bisa 80. In aka auna a ranaku daban-daban ana samun 140 bisa 90 ko sama da haka, to hawan jini ya samu, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, babu cutar da ta kama ƙafarsu. Ka ƙirga mutanen sahun gaba a masallacin unguwarku, ka raba uku.

Mu kuwa mun riga mun yanke hukunci: hawan jini ciwon tunani ne. Na mai kishiya ne, na mai bashi, na wanda aka tsige daga kujera, na mai 'ya'ya mata bakwai ba a fara tara kayan ɗaki ba. Shi ya sa in aka ce wa dattijo jininsa ya hau, abin da zai fara cewa shi ne, "Ni wallahi ba na tunanin komai." In mace ce kuwa, kafin ta dawo gida dangi sun gama shari'a, sun kama mijin da laifi. Damuwa tana tayar da jini, wannan ba musu, amma ba ita kaɗai ce a gonar ba. Akwai gado, akwai shekaru, akwai gishiri, akwai ƙiba, akwai ciwon suga da ciwon ƙoda, akwai taba. Muna kuma cewa ciwon masu kuɗi ne, na masu tumbi, siriri ba ruwansa.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, dillalin shanu, dogo siriri kamar karan dawa, ba ya shan taba, a ƙafa yake yini tun hantsi har la'asar sakaliya. Wata shekara aka zo duba marasa lafiya kyauta a wata firamare, ya je don ya ji ana raba tabarau. Wata nas ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta mayar ɗaya hannun, ta sake dubawa, sannan ta ce, "Baba, kanka ba ya ciwo?" Ya ce, "'Yata, rabona da ciwon kai tun azumin bara." Ta rubuta 190 bisa 110 a takarda ta kai shi gaban likita da kanta. Aka ba shi magani, ya sha wata guda cur bai yi fashi ba, don kawu mutum ne mai cika alkawari. Da aka sake aunawa aka ce jini ya sauka. Ya yi hamdala, ya dawo gida ya ce ya warke, ragowar ƙwayoyin ya jefa aljihun wata babbar riga da ba ya sawa sai ranar idi. Bayan wata takwas, yana alwalar asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Da yake kusa da banɗaki abin ya faru, gida ya ɗauka iska ce ta buge shi. Aka kawo garwashi aka yi hayaƙi, aka yi tofi, aka shafa mai, sai bayan la'asar aka nemo mota zuwa Gumel, daga can aka miƙa Kano ta Gujungu. Allah ya yi da sauran shan ruwansa. Yana nan da ransa, yana jan ƙafar hagu, hannun da yake riƙe igiyar bijimi da shi yanzu ko carbi ba ya ja.

Babu wanda zai yi wa kawu dariya a cikinmu, don kowa ya yi irin nasa. Mun ɗauki maganin hawan jini kamar na zazzaɓin sauro, a sha kwana uku, a ji garau, a watsar. In likita ya ce za a yi ta sha ne har illa ma sha Allahu, sai mu ji kamar baki ya yi mana. A majalisa kuma akwai mai ba da fatawa kullum: "Kada ka kuskura ka fara, in jikinka ya saba shi ke nan ka zama bawansa." Alhali maganin nan dabaibayi ne. Dabaibayi ba ya sauya halin jaki, hana shi shiga gonar mutane kawai yake yi, ranar da ka kwance ranar za a kawo ƙara. Jinin da aka auna aka ga ya sauka, ƙwayar ce ta riƙe shi, ba tafiya ya yi ba.

Sai aron magani, wanda ban san inda aka fi mu iya shi ba. Inna ta ji kanta ya yi nauyi, ta ƙwala wa jika kira: "Ke, je ki gidan Hajiya ki ce ina gaishe ta, in ji ni ta sam mini ƙwaya biyu ta hawan jini." Kamar dai gishiri ko garwashin wuta. Hajiya kuwa ba ta iya hana maƙwabciya ba, ta ɓallo ta bayar har da ƙari. To maganin iri-iri ne, kowanne da mai shi. Amlodifin yakan kumbura wa wasu idon sawu. Lisinofiril yakan sa busasshen tari mai naci, kuma mai ciki ba ta shan sa sam, don yana cutar da abin da ke cikin. Lasix, wanda muke kira maganin fitsari, na masu ruwa a jiki ne, wanda ba shi aka rubuta wa ba in ya sha a zafin bazarar nan tamu sai jiri ya kwashe shi. Maza kuma suna da nasu sirrin da ba sa faɗa sai a kunne: wai maganin yana rage ƙarfi. Sai mutum ya ajiye shi a ɓoye, ya bi mai lasifika a kasuwa ya sayi garin da ake cewa yana maganin basir da sanyi da hawan jini da rashin kuzari duk a ƙulli ɗaya. Da ya daure ya faɗa wa likita, da an sauya masa wani, tunda ba guda ɗaya ba ne a duniya, kuma hawan jinin da aka bari ba magani shi kansa yana kashe wannan ƙarfin da ake wa tattali. Da azumi ma haka, wasu wata guda suke sallamar ƙwayar, alhali yawanci sau ɗaya ake sha a rana, tambayar likita kawai za a yi ya ce da sahur ko da buɗa-baki.

Akwai wanda ba taurin kai ne ya hana shi ba, babu ce. Na ga tsohuwa tana raba ƙwaya biyu da wuƙa don ta kai ta ƙarshen wata, kuma wannan ba abin raha ba ne. Amma 'ya'yanmu da ke Kano da Dutse da Abuja, masu aiko da shadda da atamfa da ragon layya, ku tambayi tsoho sunan maganinsa ku haɗo da na wata uku. Kuɗinsa bai kai na ɗinkin shaddar ba.

Sau biyu ne a rayuwa muke miƙa hannu a auna mu da daɗin rai: mace in ta je awon ciki, namiji in ya biya kujerar Makka. A nan ma sai mun yi dabara. Daren da za a je tantance maniyyata, ka ga Alhajin gobe yana tauna tafarnuwa, yana kurɓar lemon tsami, ya aro ƙwayar abokinsa ya haɗiya, don dai lambar ta yi kyau a takarda. Ita zuciyar da za ta yi ɗawafi da safa da marwa da jifa a cikin zafin Saudiyya ba a yi shawara da ita ba. Mai noma kuma, in ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, sai kemis: "A ba ni haɗi." A ƙullo masa ja da fari da ruwan ɗorawa a leda, ya watsa baki gaba ɗaya. A cikin haɗin nan da wuya a rasa daiklofenak ko ibufurofen, waɗanda yawan shansu ke tayar da jini yana cin ƙoda. Samarinmu 'yan acaɓa na kora nasu da lemon ƙara kuzari, a bi da sigari, da daddare a zauna shisha, mutum bai kai talatin ba yana dafe ƙirji yana cewa gabansa ke faɗuwa.

Mu leƙa madafa, amma da sallama, don masu wurin ba sa son a taɓa musu miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da na cikin burodi da taliyar yara da kilishi da yajin tsire da dunƙulen magi, wanda shi kansa wajen rabinsa gishiri ne. Mu kuwa a tukunya ɗaya za a sa gishiri, a marmasa dunƙule shida, a kawo farin magi, a jefa kanwa don kuka ta yi kyau ko wake ya nuna da wuri, in an sauke maigida ya ɗanɗana ya ce, "Miƙo mini yajin nan," shi ma yajin da nasa gishirin da nasa magin. Ranar da likita ya ce a rage wa Malam gishiri, uwargida ta yi masa tasa miyar daban a 'yar tukunya, lami salam, ya ci loma biyu ya ture, bayan isha'i a gan shi a wajen mai balangu yana cewa a sa masa ta wajen kitsen. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wanda aka ware wa kwano a gidansa ji yake kamar an kai shi kurkuku. Gara a rage wa tukunyar gidan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi, cikin 'yan makonni harshe ya saba, yaran ma su tashi da sabon da zai amfane su. Kakanninmu da daddawa suka yi suna a girki.

Abin da ke ba ni takaici da daɗi a lokaci guda shi ne, abincin da likitocin zuciya ke roƙon mutanen birni su nema, shi ne yake tsirowa a rairayinmu. Gero da dawa, wake, riɗi, gyaɗa, zogale, rama, kuɓewa, kuka, kankana. Mu ɗora su a amalanke mu kai kasuwa, mu sayo taliya da farar shinkafa da lemon kwalba. Zoɓon da ake lodawa a manyan motoci daga Maigatari har Meziko yake kaiwa, kuma bincike ya nuna yana ɗan sauke jini kaɗan, ko da yake bai isa ya maye gurbin magani ba. Mu in mun tashi haɗa shi sai mun juye masa sukari har ludayi ya nemi tsayawa, sannan mu ce muna shan maganin hawan jini. Shayin Buzaye zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin. Mai shayin bakin tasha kuwa ya san mu sarai, in ka ce kaɗan zai sa cokali huɗu.

Tumbi kuma har gobe alamar hutu ne. In mutum ya samu, abu na farko da zai daina shi ne tafiya. Masallacin da ke bayan gida sai da babur. In aka ga Alhaji yana taka ƙasa da sassafe zuwa bayan gari, kafin azahar labari ya zaga cewa ya karye. Minti 30 na tafiya mai ɗan sauri, kwana biyar a mako, shi ne abin da ake nema, kuma wanda ya ji kunya ya ce gona zai duba.

Yanzu ga inda nake so iyayenmu mata su matso kusa, don maganar jego ce. Yarinya ta haihu lafiya, an yi guɗa, an kai ta gida wanka. Kwana arba'in, safe da yamma, ruwa na tafarfasa a tukunya, a tsoma ganyen darbejiya a dinga fyaɗa mata, a fito a kafa ta kusa da wuta, a miƙo kunun kanwa kwano guda a ce ta shanye don nono ya kawo, sanyi ya fita. Duk don ƙauna ake yi, babu uwar da ke son cutar 'yarta. To tun shekarun 1970 wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, suka lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, kusan ɗaya a cikin haihuwa 100, abin da ba a ga kamarsa ba a wasu ƙasashe, suka kuma zargi yawan kanwa da zafin wankan. Daga baya Farfesa Kamilu Musa Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci bincike a asibitoci da dama na Najeriya, aka ga har yanzu yankinmu na Arewa maso Yamma na cikin inda ciwon ya fi yawa a duniya, aka kuma ga maganar ta wuce wanka da kunu kaɗai: akwai talauci, akwai ramar da mace ke shiga ciki da ita, akwai hawan jinin masu ciki, akwai ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira seleniyam. Wato ciyar da mai ciki da kai ta awo suna gaba da komai. Duk da haka kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan kayan. Mu da kanwa ke shigo mana daga Nijar buhu-buhu, hannunmu ba ya rowa wajen jefa ta a kunu.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, suna kawai muke sauya musu. Mai jego ta fara haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, mu ce jinin haihuwa ne bai gama dawowa ba. Ƙafa ta kumbura, mu ce jego ya karɓe ta, ta yi ƙiba. Ta kasa kwanciya sai an tara mata filo uku, ko ta kwana a zaune tana tari, mu ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Ita kuma kunya ta hana ta magana, ga surukai ga 'yan barka. Gwaggo, in kika ga haka a ɗakinki, a bar wankan nan, a nemi mota. A asibiti za a saurari ƙirjinta, in ta kama a tura ta Dutse ko Kano a yi hoton zuciya, a ba ta maganin da zai janye ruwan ya tallafi zuciyar. Da yawa suna warkewa cikin watanni in an zo da wuri. Maigida kuma ya yi haƙuri, kada a sake ɗaukar wani cikin sai likita ya duba ya ce zuciyar ta koma daidai. Ruwa mai ɗumi ya isa wanka, ba sai ya saɓule fata ba.

Yara ma suna da nasu. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 ya kwana da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, mu ce beli ne, a kira wanzami. Wani ciwon maƙogwaron ƙwayar cuta ce wadda fenisilin ke kashewa cikin sauƙi, aska kuwa ba ta san inda take ba. In aka bar ta, bayan 'yan makonni gaɓoɓi su kama ciwo, a hankali ƙofofin zuciya su lalace, sai yarinya ta girma ta yi aure ta ɗauki cikin fari sannan abin ya bayyana. Wanda ya riga ya kamu allura ake yi masa duk mako 3 ko 4, shekara da shekaru, don kada ɓarnar ta ƙaru. Aikin sauya ƙofar zuciya kuwa miliyoyi ne, sai an sayar da gona da shanu an haɗa da neman taimako a rediyo.

Sai olsa, uwar laifi. Duk abin da ya taɓa tsakanin wuya da cibiya, olsa ce. Mutum ya ji kamar an ɗora masa buhun gero a ƙirji, nauyin yana tafiya kafaɗa da hannun hagu da muƙamuƙi, gumi na keto masa ko da sanyin hunturu, numfashi na gagara, sai a jiƙa masa kanwa ko a aika kemis a sayo farin maganin nan na kwalba, a ce ya kwanta zai faɗa. Wannan jijiyar da ke ciyar da ita kanta zuciyar ce ta toshe, kuma kowane minti wani yanki nata ke mutuwa. Ita ce da yawa daga cikin haɗiyar zuciyar da muke ba da labari a wajen zaman makoki: "Lafiya lau muka yi magariba da shi." Haka in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, awannin farko su ne na ceto. Ba wanda ya ce a bar addu'a, a yi ta a cikin mota ana tafiya. Amma kada a ɗura wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye ruwa ko rubutu a baki, don haɗiya ta gagare shi, huhu abin zai wuce.

Bayan abin da ya sami kawu, 'yan majalisarsu suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Suka yi karo-karo, wani mai zuwa Kano ya sayo musu abin awo mai batir, irin wanda ake ɗaurawa a danna ya yi ƙugi ya nuna lamba. Yana zaune a cikin kwalinsa a shagon tela, tare da wani littafin makaranta da aka tsaga layi, kowa da shafinsa. Wani malamin asibiti da ya yi ritaya ya koya musu ƙa'ida: a zauna a huta minti 5 tukuna, a jingina baya, a ajiye ƙafa a ƙasa, a ɗora hannu a kan benci daidai ƙirji, ba surutu, ba goro ba shayi kafin awo. Ba surutun nan shi ya fi ba su wuya.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar na same su ana yi. Kawu na kan tabarma ya miƙe ƙafar hagu, littafin na kan cinyarsa, shi ne mai rubutu da hannunsa mai lafiya. Aka zo kan wani abokinsa mai sayar da buhuna, wanda ya yi wata uku yana zillewa. Aka naɗe masa hannun riga, abin ya yi ƙugi, ya matse, ya saki. Tela ya leƙa ya karanta, 168 bisa 100.

"Batirin nan ya yi sanyi," in ji mai buhuna.

"Jiya aka sa sabo," in ji tela.

"To a bari in sha ruwa a sake."

Aka bari ya sha ruwa, ya huta, aka sake, 165 bisa 100. Kawu ya rubuta lambar a shafinsa, ya ɗago a hankali, da bakin nan nasa da bai gama komawa daidai ba, ya ce, "Malam, Litinin da safe yarona zai zo da babur ya kai ka asibiti. Ka karya kumallo da wuri, layi ake yi."

Mai buhuna ya sauke hannun rigarsa, ya dubi ƙafar kawu, ya ce, "Ƙarfe nawa?"